"Akwai Ɗakin Haya": Abin da Rubutun Gawayi Bai Gaya wa Baƙo Ba

A jikin katangar gidan kawuna da ke Tudun Wadan Dankadai akwai rubutu da gawayi: "Akwai ɗakin haya." A ƙasansa lambar waya ce, amma ruwan watan Agusta ya wanke ukun ƙarshe. Sai wanda ya san kawu ne zai iya cike gurbin, shi kuwa wanda ya san kawu ba ya neman ɗakin haya. Ɗakuna huɗu ne a jere, ginin bulo, rufin kwano, ya tsayar da su da kuɗin shinkafar damina biyu. Ranar da na je gaishe shi, an fara yanka a fadama, wata bakwai ke nan ba wanda ya kwana a ciki sai ɓeraye da buhunan shanshera da ya ce ya jingine "kafin a samu mutum."

"Ɗan nan, mutane ne ba kuɗi a hannunsu," in ji shi, yana kaɗa kai.

Na ce, "Kawu, wa ya san da ɗakunan?"

Ya ɗaga hannun da ke riƙe da carbi ya nuna mini bango. A ganinsa ya gama nasa. Ya gina, ya rubuta, saura na Allah. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya bi hanya daga Kwanar Dangora ya gangara kudu, ya ratsa Tudun Wada, ya keta dajin Falgore zuwa Doguwa, zai ga irin wannan rubutu a bangaye da ƙyamaren shaguna, wani da gawayi, wani da alli, wani da ragowar fenti. Rubutun yana yi wa ɗan gari magana, mutumin da ke wucewa ta lungun kullum. Matsalar ita ce ɗan gari ba shi ne ɗan haya ba.

Wane ne yake kama haya a nan?

A garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, saurayi idan ya tashi aure ba kasafai yake fita neman haya ba. Ana yanka masa wani sashe a gidan gado, ko a ta da ɗaki a kangon baya, ko mahaifinsa ya ba shi fili a bakin gari. Haya a nan kusan ta baƙo ce: malamin makaranta da aka turo daga birni, ma'aikaciyar jinya, ɗan sanda, ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, mai hidimar ƙasa da ya gama mako uku a sansanin Kusalla da ke Karaye aka miƙa masa takarda mai sunan garin da bai taɓa ji ba. Akwai ɗaliban kwalejin share fagen shiga jami'a ta Rabi'u Musa Kwankwaso da ke Tudun Wada. Akwai masu ƙananan ayyuka da sana'o'i da ke rayuwa a gefen reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya da ke Bagauda. Da kaka kuma ga 'yan kasuwar hatsi, masu zuwa su yi wata biyu ko uku suna auna shinkafa a Tudun Wada da masara a ƙasar Doguwa, su ɗora wa manyan motoci.

Baƙi ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa ake narka kuza a Riruwai, kuma har yau masu haƙar ma'adinai ba su daina hawa duwatsunta ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta jawo masunta da ma'aikata da manoman rani daga nesa. Abin da ya sauya shi ne yadda baƙon yake yanke shawara. Da can sai ya sauka a tasha da jakarsa, ya tambayi gidan mai unguwa. Yanzu yana zaune a Kano ko Zariya ko Makurdi, waya a hannu, yana so ya san inda zai sa haƙarƙarinsa tun kafin ya hau mota.

Akwai kuma wani abu da masu gidaje irin kawu ba su cika lura da shi ba. Abokin gasarsu ba maƙwabcin da shi ma ya gina ɗakuna ba ne. Abokin gasarsu motar Kano ce. Ma'aikata da yawa da aka turo waɗannan garuruwa ba sa tarewa. Wanda ke aiki a Kofa ko Kwanar Dangora, tunda suna bakin babban titin Kano zuwa Zariya, sai ya yi sammako ya zo, la'asar ta yi masa a gida. Na Tudun Wada da Doguwa kuwa, sai ya zo Litinin, ya raɓa a ofis ko ɗakin abokin aiki, Alhamis ya gudu. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce an janye tallafin man fetur, lissafin ya sauya. Kuɗin mota ya ninka, ya sake hawa. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a Jihar Kano ya koma naira 71,000 a ƙarshen 2024 ya fara zama da biro yana kwatanta kuɗin zirga-zirgar wata da kuɗin ɗaki. Wato akwai masu neman ɗaki a yanzu da ba su nema ba kafin janye tallafin. Sai dai irin wannan mai nema mutum ne mai ƙafa ɗaya a waje. Abu kaɗan zai gani ya ce gara wahalar hanya.

Yaren dillalai

Tsakanin wannan baƙo da mai gida akwai dillali, kuma ba zan zage shi ba, domin shi ne ya san wace ƙofa ce a buɗe a gari, ya san mai gidan da ke da faɗa da wanda ke da kawaici. La'adarsa, wadda a wurare da yawa kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin shekara, guminsa ce. Amma dillalai suna da yarensu, kuma duk wanda ya taɓa neman ɗaki ya koye shi da tsada.

Idan ya ce maka "akwai ruwa," yana iya nufin akwai rijiya a tsakar gida, wadda daga watan Maris sai guga ta dawo da laka. "Wuta ba matsala" na nufin waya ta shigo gidan; ko akwai abin da ke bi ta cikinta, wannan wata magana ce. "Nan da titi ne" tafiyar da za ka biya ɗan acaɓa ce. "Unguwa ce shiru" wani lokaci gidan ne na ƙarshe kafin gonaki. "Gyara kaɗan ne ya rage" kuwa, to ka tanadi kuɗin kafinta. Kowace kalma cikin waɗannan tana da ƙofar fita, ta yadda ranar da ka dawo da ƙorafi zai ce maka, "Ai ban ce ba ta ƙafewa ba, cewa na yi akwai rijiya."

Ƙanena ya sha wannan. Shekarun baya aka tura shi koyarwa wani gari a ƙasar Doguwa. Wani ya haɗa shi da dillali ta waya, aka turo masa hoto ɗaya: ƙofar ƙarfe shuɗiya, sabuwa fil, rana na haska ta. Ya tura kuɗin wata shida. Ya sauka da magariba bayan doguwar tafiya ta cikin Falgore, aka buɗe masa ƙofar nan shuɗiya, warin maganin ƙwari ya buge shi har ya ja da baya. Rumbun masara ne, an kwashe buhunan da safiyar ranar. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama kusa da rufi, kamar yadda ake yi wa ɗakin ajiya. Silin babu. Da ya tambayi banɗaki, aka nuna masa wani zagaye na zana a bayan gida wanda gidaje uku ke shiga. Ƙofar dai gaskiya ce, shuɗiya ce kuma sabuwa. Mako biyu ya yi ya koma kwana a ofishin malamai, kuɗinsa kuma har yau ana "za a duba." Abin da mai gidan bai lissafa ba shi ne, duk malamin da aka turo makarantar bayan ƙanena, kafin ya ajiye jaka an riga an gaya masa gidan da zai kauce wa. Mai gidan ya ci kuɗin wata shida, ya rasa na shekaru.

Abin mamaki, Bahaushe ba baƙo ba ne a sana'ar saukar da baƙi. A zangunan Kumasi da Salaga, da unguwar Sabo ta Ibadan wadda masani Abner Cohen ya yi nazari a kanta ya fitar da littafi a 1969, mai gida shi ne ginshiƙin fataucin goro da shanu. Yana ba fatake masauki, ya adana musu kaya da kuɗi, ya tsaya musu a ciniki. Ba shi da allo a ƙofar gida. Sunansa ne ke tafiya a bakin fatake daga zango zuwa zango, kuma ya san ranar da ya cuci mutum ɗaya, labarin zai riga shi isa Kano. Wayar hannu ba ta kawo sabon abu a nan ba. Ta dai rage wa labarin kwanakin tafiya.

Hoto

Na ce wa kawu mu fara da kwashe buhunan. Ya ce ai idan an samu mutum za a kwashe. Na ce ba za a samu mutum ba sai an kwashe. Muka yi ta wannan zagaye har ya gaji ya kira yara.

A kan hoto akwai labarin da masu Airbnb, kamfanin hayar ɗakuna ta intanet, suke bayarwa da bakinsu. A 2009, kamfanin yana neman durƙushewa, sai Brian Chesky da Joe Gebbia suka lura cewa hotunan ɗakunan da mutane ke sakawa a birnin New York duk duhu ne da birkici. Suka samo kyamara, suka bi gida-gida suna ɗauka da kansu. Ba su sauya ɗaki ko ɗaya ba, amma kuɗin da ke shigo musu a mako ya ninka. Tsakanin New York da Tudun Wada akwai nisa, amma idon mai neman wurin kwana iri ɗaya ne: abin da bai gani ba, mafi muninsa yake zato.

Ba a bukatar kyamara mai tsada. Wayar ɗan kawu muka ara, muka goge gilashinta da gefen riga, wanda shi kaɗai ya raba hoton da hazon da ke sa ɗaki ya yi kamar ana hunturu a cikinsa. Muka jira hantsi, lokacin da haske ke shiga ta taga bai yi tsanani ba. Aka share, aka yayyafa ruwa, aka cire yanar gizo-gizo. Na tsaya a kusurwa, waya a daidai ƙirji, a kwance ba a tsaye ba, don bango biyu da daɓe da rufi su fito tare, mai kallo ya iya auna ko katifarsa da buhun kayansa za su shiga. Na ɗauki taga daga ciki, na ɗauki sakata, na ɗaga kai na ɗauki silin.

Sai na nufi banɗaki. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, har masai za ka nuna wa duniya?"

Na ce, "Kawu, shi za a fara tambaya."

Kuma haka ne. Namiji ma yana tambaya, balle mace. Ma'aikaciyar asibiti da za ta dawo daga aikin dare tana so ta san ko banɗakin yana da ƙyaure da sakata, ko yana da rufi, ko mutum nawa ne ke shiga, ko sai ta ratsa ta gaban zauren samari kafin ta kai. Tallan da ya nuna ƙofa da falo ya tsallake banɗaki, ya riga ya ba da amsa, kuma ba mai daɗi ba.

Daga nan na yi abin da nake ganin ya fi duk hotunan amfani: bidiyo na minti biyu, ba yankewa, daga bakin kwalta har cikin ɗaki. Mai kallo ya ga lungun, ya ga kwatar da zai tsallaka, ya ga mai shayi da masallacin unguwa da mai cajin waya, ya ƙirga takun da kansa. Ba sauran "nan da titi ne." Abu ɗaya na kiyaye, kuma ya kamata kowa ya kiyaye: a gidan da mai gida ke zaune da iyalinsa, ba a juya waya tsakar gida ana ɗaukar matan aure da yara. A yi sallama, a ba su lokaci su shige, sannan a ɗauka. Hoto idan ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.

Abin da za a rubuta

Tallan haya a birane ya cika da kalmomin da ba su da nauyi: "gida na alfarma," "unguwar manya," "sai wanda ya gani." A shafuka irin su Jiji da zaurukan Facebook na dillalan Kano za ka ga ɗaruruwansu. Baƙon da za a tura Riruwai ko Kafin Maiyaki ba alfarma yake nema ba. Tambayoyinsa ƙalilan ne, kuma kusan ba sa sauyawa.

Ruwa ne kan gaba. Ba "akwai" ko "babu" ba: rijiya ce, ko famfon tuƙa-tuƙa, ko burtsatse mai sola? A cikin gida ko a waje? Tana kai wa bazara? In ba ta kai wa, 'yan garuwa suna shigowa lungun, kuma nawa suke sayar da jarka? Mutum zai yi zaton garuruwan da ke kewaye da Tiga, tafkin da ya shafe fiye da murabba'in kilomita 170, ba za su yi maganar ruwa ba. Amma ruwan dam daban, ruwan randa daban, kuma matan yankin sun fi kowa sanin haka.

Sai wuta. A faɗi ko gidan yana kan layin KEDCO, ko akwai mita mai kati, ko kuwa takarda ɗaya ake kawowa a raba. Idan rabawa ake yi, a faɗi yadda ake rabon tun yanzu, domin rigimar 'yan haya da yawa daga nan take tashi: wane yana da firji, wance tana guga, me ya sa za mu biya daidai? Idan kuwa wutar sai an yi sa'a, a faɗa. Mai gidan da ya kafa faranti ɗaya na sola da batir, wanda zai riƙe ƙwai biyu da fanka da cajin waya, ya rubuta shi a layin farko, don a wajen malami mai shirya darasi da dare ya fi tayil daraja.

Abu na uku tsofaffi ba sa tunawa da shi sam: sabis. Wane layi ne ke kamawa a cikin ɗakin, ba a kan tudun bayan gari ba? A wasu ƙauyukan da ke gefen Falgore da tsaunukan Riruwai wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Albashi ta waya yake shigowa, iyali ta waya ake jin su. Ɗan hidimar ƙasa zai haƙura da rashin silin, ba zai haƙura da ɗakin da saƙo ba ya shiga ba.

Sai rufi. Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, musamman ƙasar Doguwa, don haka ɗakin da aka nuna wa mutum a watan Janairu ba shi ne ɗakin da zai kwana a ciki a watan Agusta ba. Taswirar da yoyo ya zana a silin ba ta ɓoyuwa ga mai lura, kuma shafa mata farin fenti ba gyara ba ne. A hau a sauya kwanon, a toshe ramin ƙusa, a gyara indararo, sannan a yi fenti. Haka lungun: idan da damina yana zama fadama har babur ba ya shiga, gara a faɗa da baki kafin ƙafar mutum ta gaya masa.

Maganar tsaro ma ba a tsallake ta. Duk wanda aka ce an tura shi bayan Falgore, abin da ya ji game da dajin ne zai fara zuwa masa, ko da garin da za shi lafiya lau ake kwana. Mai gida ba zai yi alkawarin abin da ba ya hannunsa ba, amma zai iya faɗin abin da ke akwai: katanga, ƙofar da ake rufewa da dare, 'yan sintirin unguwa, nisan ofishin 'yan sanda, da ko akwai wasu ma'aikata baƙi da ke zaune a kusa. Wannan na ƙarshen ya fi kwantar da hankali fiye da rantsuwa.

Sannan kuɗi, gaba ɗayansa. Wata al'ada ce da ta zama ruwan dare, a rubuta "a kira don jin farashi." Dalilin a fili yake: a ji muryar mai kira, in an ji Hausarsa ba ta nuna ba, ko an ji alamar albashi, a ƙara. Baƙi sun gane wannan, shi ya sa da yawa ba sa kira. A rubuta kuɗin shekara, a rubuta la'adar dillali in akwai, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da duk wani abu da za a nema daga baya na kwashe masai ko mai gadi. Ba sabon ilimi ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure aka biya masa babin ciniki a Risala ya ji cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗinta an san wa'adinta, kuma ɓoye aibin abin da kake sayarwa algus ne. Abin da ake kira dabarar talla ta zamani, rabinsa yana cikin littafin da ke kan shantar kawu.

Shekara ko wata, gwauro ko mai iyali

Inda na fi shan wuya da kawu shi ne tsarin biya. Shi manomi ne. Kuɗin haya a wurinsa taki ne da iri da ladan 'yan ƙwadago, don haka dunƙule yake so, na shekara, kuma ya fi so ya shigo kafin faɗuwar damina. Ɗan haya kuwa ɗan wata ne. Mai hidimar ƙasa da alawus ɗinsa ya koma naira 77,000 a 2025, a ƙarshen wata yake ganinsa, kuma ranar da ya sauka a gari aljihunsa ya riga ya sha kuɗin mota. Ka ce masa ya kawo na shekara a ranar, ka kore shi ne zuwa ɗakin da makaranta ko masallaci ko coci za su ba shi kyauta su biyar. Ɗakin da ya yi wata bakwai a rufe yana jiran mai biyan shekara ya riga ya yi asarar fiye da rabin shekarar. Biyan wata uku-uku, ko na zangon karatu ga ɗalibai, ko na kaka ga 'yan hatsi, idan an yarda da shi, a rubuta shi ɓaro-ɓaro. Sau da yawa wannan layin ne yake sa a kira.

Akwai kuma sharuɗɗan da ake ɓoyewa sai mutum ya zo. "Ba ma ba gwauro." "Mace sai da mijinta." "Ba a shigo da baƙi bayan isha." Ina da ra'ayi a kan wasu daga ciki. Garin da ke kukan asibitinsa ba ma'aikatan jinya mata, makarantar 'yan matansa ba malamai mata, sannan ya ƙi ba macen da ba ta da aure ɗaki, shi ya san inda matsalarsa take. Amma ko mai gida bai sauya ra'ayi ba, mafi ƙarancin adalci shi ne ya faɗi sharaɗinsa a cikin tallan. Kada yarinya ta biya kuɗin mota daga Kano, ta zo da wanta ko kawunta, a bar su tsaye a zaure ana 'yan kame-kame. Haka idan mai gida yana zaune a gidan, a faɗa. Wani abin da yake nema ke nan, ya samu uba a baƙon gari. Wani kuwa gudunsa yake yi.

Game da inda za a kai tallan, bango shi ne na ƙarshe. Baƙo yana da ƙofofin da yake shigowa ta cikinsu, kuma sanannu ne: ofishin shugaban makaranta, wurin mai kula da asibiti, sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in da ke kula da masu hidimar ƙasa, shugaban 'yan kasuwar hatsi, shugaban tasha. Kowannensu yana da zauren WhatsApp, kuma kowannensu an sha tambayarsa, "Ranka ya daɗe, ina zan samu ɗaki?" A ba su hotunan da bayanin a saƙo ɗaya da za su iya turawa. A rubuta da Hausa, a sa wani ya mayar da Turanci, domin ɗan Inugu ko Ekiti da aka turo Kiru ba zai karanta "ciki da falo" ya gane ba. Sannan a bar ƙofa a buɗe ga wanda zai turo wani ya gane masa da ido kafin ya biya. Masu damfara da hoton gidan da ba nasu ba sun sa kowa ya zama mai taka-tsantsan, kuma mai gidan da ya ce "kada ka turo ko kwabo sai naka ya gani" ya bambanta kansa da su a jimla ɗaya.

Da muka zo rubuta na kawu, a kan rijiya muka tsaya. Na rubuta cewa tana ja baya daga Maris zuwa saukar ruwa, kuma a lokacin ana saye a wurin 'yan garuwa ko a ɗebo a burtsatsen masallaci.

"Goge wannan," in ji shi. "Wa ke tallan hajarsa yana kushe ta?"

Na ce, "Kawu, in ya zo a Nuwamba bai sani ba, a Afrilu zai sani. Sannan zai gaya wa duk wanda ya tambaye shi."

Ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce in bar shi, amma in ƙara cewa ruwan rijiyar yana da daɗin sha, tunda shi ma gaskiya ne. Na ƙara. Kafin mu tura sai da ya sa kafinta ya buga wa tagogi ragar sauro, ya sauya kwano biyu, ya sa wa banɗaki ƙyaure na katako maimakon buhun da ke rataye. A kan biyan wata uku-uku kuwa ya amince da ɗaki biyu kawai, wai ya gwada ya gani.

Wanda ya fara kira ya ji maganar rijiya ya ce zai sake kira, bai sake ba. Kawu ya buga mini waya musamman don ya gaya mini. Bayan kwana tara wani malamin lissafi ya turo abokin aikinsa ya duba, ya kama ɗaya. Shi ne kuma ya kawo na biyu, wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya gaji da kwana a benci. Da na koma bayan ƙaramar Sallah na tarar da takalma a ƙofar ɗakuna biyu, da igiyar shanya, da ƙaramin faranti na sola da malamin ya jingina a kan kwano da dutse. Ɗaki na uku a rufe, ana jiran masu hidimar ƙasa na rukuni mai zuwa. Na huɗun kuwa na leƙa ta sabuwar ragar sauro, na ga buhunan shanshera sun koma, an jera su har kusa da silin. Kawu ya ce farashi bai yi ba tukuna, sai ya ƙara tashi zai sayar. Rubutun gawayin yana nan a bango, har yanzu ba lambobi ukun ƙarshe.